Tsakuwa Ɗaya a Tulun Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu sha labari.

A garin dabbobi, in za a zaɓi mai gari, layi ake yi bayan wanda ake so. Kullum Kura ke ci, don takan waiwayo ta haddace fuskar duk wanda bai bi ta ba.

Ana nan sai fari ya koro Bushiya garin. Ta ce, "A garinmu tsakuwa muke jefawa cikin tulu, a bayan zana."

Kura ta ce, "Ke, baƙo raɓa ne!"

Bushiya ta ce, "Ranki ya daɗe, raɓar nan ta haƙa rami, ba inda za ta."

Ranar zaɓe Bushiya ta tsaya ita kaɗai bayan Kunkuru, abokin takarar Kura. Kura ta kai mata cizo, ta kwashi ƙaya. Bushiya ba ta gusa ba, har dattawa suka ce a kawo tuluna.

Aka jefa. Tulun Kunkuru ya cika. Kura ta girgiza nata, tsakuwa ɗaya ta yi ƙara.

Dila, maroƙinta, ya fashe da kuka: "Wallahi tawa ce!"

Kura ta ce, "To, tawa fa?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na shara muku ƙarya.