Minti Ɗayan da Mushe Is'haƙa Ya Hana Zalihatu

Akwai wani malamin lissafi a wata lise, wato makarantar sakandare, ta Dogon Dutsi, ana ce masa Mushe Is'haƙa, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci. Ya iya lissafi, wannan ba gardama. Matsalarsa ɗaya ce: tunda ya dawo daga jami'a a Yamai, bai yarda alƙalaminsa na iya tuntuɓe ba.

A ajinsa akwai Zalihatu, 'yar wani manomi daga Dumega, tana zaune wajen gwaggonta. Ta riga ta maimaita ajin sau ɗaya saboda jinyar mahaifiyarta. Idan makinta na shekara bai kai ba, kora ce.

A jarrabawar ƙarshe ya ba su x³ − 6x² + 11x − 6, ya ce su nemo lambobin da idan aka sa su a gurbin x, jimillar za ta zama sifili. Duk ajin ita kaɗai ta kai ƙarshen tambayar. Ta rubuta 1, 2 da 3. Takardar amsoshin da Mushe ya shirya da gaggawa kuwa cewa ta yi 1, 2 da −3. Bai dubi aikinta ba. Ya ja jan biro ya soke.

Ranar da aka raba takardu, ta miƙe. Ta ce ta gwada 1 ta samu sifili, ta raba da x − 1 babu saura, abin da ya fito kuma ya rabu gida biyu, x − 2 da x − 3.

"Mushe, don Allah minti guda. Ka sa uku ka gani."

Shi kuwa ji ya yi kamar an tuɓe masa hula a kasuwa.

"Ke za ki koya mini aikina? Tahi ki zamna."

Rabin maki ya rage mata. Aka kore ta, ta koma Dumega.

Bayan shekara biyu, ya ɗauko tambayar nan don ya yi wa sabon aji a allo. Ya raba da x + 3 yana ta bayani da isa, sai saura ya ƙi zama sifili. Ya goge, ya sake. Ya sa −3, ya samu −120. Ya sa 3. Sifili.

Allin ya faɗi daga hannunsa. Ba lambar ya gani ba, fuskar yarinyar ya gani.

Ranar Asabar ya hau babur sai Dumega. Ya tarar da ita tana sussukar gero, ƙannenta uku zagaye da ita. Mahaifiyar ta rasu, gidan duk ya koma kanta. Ta gaishe shi da ladabi, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa.

Da ƙyar ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce zai bi ofis-ofis har sai an mayar da ita. Ta dubi yaran, ta girgiza kai. Wa za ta bar wa su?

Ta shiga ɗaki ta fito da takardar, a naɗe cikin leda, jan layinsa na nan bai koɗe ba. Ashe duk tsawon lokacin tana ajiye da ita.

"Na yahe maka, Mushe. Dama na san daidai na yi. Babana ne ya zaci wasa na tahi yi birni, shi za ka gaya wa."

Mushe Is'haƙa, wanda bai taɓa rasa abin faɗa a gaban allo ba, ya je ya durƙusa gaban tsohon. Kuka ya yi, irin wanda ba ya mayar da komai.

Darasi: Idan na ƙasa da kai ya ce ka sake dubawa, ka duba. Kai minti ɗaya zai ci maka, shi kuwa wataƙila rayuwarsa ce a ciki. Ku tura wa malamai da iyaye da duk mai riƙe da jan biro a kan wani.