Shaidar Bireka

An ce wai a wani gari da ake kira Tudun Gwanki an yi wani mai gyaran injin ruwa da wayar lantarki, ana ce masa Iro Mai Testa. Mutum ne mai tsoron wuta ƙwarai, har abokan sana'arsa suna yi masa ba'a, wai ko igiyar shanya ya gani sai ya ɗora mata testa, ɗan abin gwada ko akwai wuta, kafin ya taɓa. Shi kuwa bai taɓa jin haushi ba, ya san abin da yake gudu.

A garin akwai wani attajiri, Alhaji Maiwada, babban dillalin citta, wanda ba abin da yake so a duniya kamar mahaifiyarsa, Hajiya Tasalla. Tsohuwar tana fama da sanyin ƙashi, ko miƙewa za ta yi sai an kama ta. Don haka ya sayo mata wani kwamin wanka daga ƙasar waje, mai inji a gindinsa, yana ɗumama ruwa yana kuma juya shi. Iro ne ya haɗa masa waya, ya kuma sa masa bireka, wato wani makunni da ke faɗuwa da kansa ya yanke wuta da zarar ta bi inda bai kamata ba.

Shekara biyu ana zaune lafiya. Ran nan sai bireka ta fara faɗuwa, aka kira Iro. Ya buɗe inji, ya tarar robar da ke tare ruwa ta cinye, ruwa ya shiga har cikin wayoyi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a kunna sai na dawo daga Kano da sabon inji. Kwana uku ne." Daga shi sai Alhaji a ɗakin, ba wanda ya ji maganar nan.

A rana ta biyu Hajiya ta shiga kwamin, wuta ta ja ta. Da ƙyar aka fito da ita da rai aka kai ta asibiti, hannunta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi. Iro yana saukowa daga mota da inji a kafaɗa, 'yan sanda suka yi ram da shi, don Alhaji ya kai ƙara cewa aikinsa ne ya jawo.

Kwana tara ya yi a tsare, tsoro ya hana shi ci. Yana tsoron kurkuku, don ya ji Alhaji ya rantse sai ya tsufa a can. Yana tsoron a zo a ce tsohuwa ta cika. Amma akwai wani tsoron da ya fi waɗannan, wanda bai gaya wa kowa ba: kasuwa cike take da jabun kaya, to in birekar da ya sa jabu ce fa? In haka ne, da hannunsa ya nakasa baiwar Allah.

Alƙalin garin, Malam Maccido, tsoho ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa ko da gemunsa ne ya kama da wuta. Tun ranar da ƙara ta zo masa ya aika aka kulle ɗakin wankan, ya riƙe makullin. Da aka zauna shari'a, Iro ya ce ya yi gargaɗi. Alhaji ya ce ƙarya ne, kuma ba wanda ya taɓa komai bayan tafiyarsa. Ga magana biyu, ga babu shaida, ga jama'a duk sun karkata wajen mai uwa a kwance.

Alƙali ya ce, "Alhaji, ranar nan wa ya kunna?"

"Ni da kaina, Allah ya gafarta Malam."

"Ruwan sanyi ka bar tsohuwa ta shiga?"

Alhaji ya harzuƙa. "Haba Malam! Uwata? Sai da inji ya yi rabin sa'a yana aiki, ruwa ya yi ɗumi yana juyawa, sannan na sa aka shigar da ita."

Alƙali ya sa magatakarda ya rubuta, ya sa aka karanta wa Alhaji har sau biyu, ya amince. Sannan ya ce, "Gani ya kori ji. Mu je gidan."

Aka buɗe ɗaki, aka cika kwami da ruwa. Iro ya tsaya a gefe. Alƙali ya dube shi ya ce, "Iro, ka yarda da birekarka?"

"Allah ya gafarta Malam, a da na yarda da ita. Yau ban sani ba."

"Za ka sa hannu a ruwan nan a kunna?"

Mutanen da ke bakin ƙofa suka zuba masa ido. Iro ya san in ya ƙi, za a ce ya tona wa kansa asiri. Ya ce, "Ko da na tabbata da ita, Malam, ba a gwada wuta da ran mutum. Kuma don Allah a ja da baya, ƙasan nan a jiƙe yake."

Aka fara gunaguni, wani ya ce, "Kun ji ko!" Alƙali dai ya ja da baya kamar yadda aka ce, ya sa kowa ya ja. Ya ce, "Alhaji, sa takalmin roba, ka kunna kamar yadda ka kunna ranar nan."

Iro ya runtse ido. In ya ji ƙugin inji, tasa ta ƙare. Alhaji ya ɗaga makunni. Tas! Bireka ta faɗi, inji ko motsi bai yi ba. Ya sake ɗagawa, ta sake faɗuwa. Ya ɗaga na uku, ta faɗi tun bai saki ba.

Alƙali ya ce, "To Alhaji, ga shaida mai magana ɗaya, an tambaye ta sau uku ba ta sauya ba. Ta ce muddin wuta ta bi ta kanta, injin nan ba zai yi numfashi ɗaya ba. Kai kuma ka ce ya yi rabin sa'a yana aiki, ka ce ba wanda ya taɓa komai. Makullin ɗakin nan yana wurina, mai gyara yana tsare. Ɗayanku ya yi ƙarya, ita kuwa ba ta san attajiri ba, ba ta san talaka ba. Ta ina wuta ta bi ta ɗumama ruwan?"

Alhaji ya dubi birekar, ya dubi alƙali. Can sai ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti da babbar rigarsa, ya fashe da kuka. "Ita ta yi ta roƙona, Malam. Ta ce gwiwoyinta kamar ana sara. Na ce kwana uku ya yi mata yawa, na ɗauko guntuwar waya na tsallake birekar. Da abin ya faru na cire wayar na jefa a rijiya. Wallahi sauƙi na nema mata."

Iro ya sulale ya zauna a bakin ƙofa, hawaye na zubo masa, don sai a lokacin ya tabbata hannunsa bai cuci kowa ba.

Alƙali ya ce, "Garin gyaran gira ka rasa ido, wannan tsakaninka da Mahaliccinka ne. Amma ɗora wa bawan Allah laifinka, wannan nawa ne. An sallami Iro. Kai kuma ranar Juma'a za ka tsaya a ƙofar masallaci ka wanke sunansa da bakin da ka ɓata shi."

Alhaji ya ce, "Na yarda. Amma Malam, ina roƙon arziki, kada Hajiya ta ji."

Alƙali ya girgiza kai. "Kwana goma tana kwance tana Allah ya isa ga wanda ya cuce ta, ba ta san a kan wa take yi ba. Ka je ka gaya mata da kanka, ka nemi gafararta tun tana iya ɗaga maka kai."

Alhaji ya fita yana tangaɗi, aka buɗe masa mota ya ƙi shiga, ya nufi asibiti a ƙasa.

Shi ya sa masu hankali suka ce, in mai gargaɗi ya dame ka, nemi abin da ya gani, kada ka nemi hanyar kewaye shi. Wanda ya toshe bakin mai gadinsa don ya sami barci, shi ya buɗe wa ɓarawo ƙofa.