Rabin Littafin Kaka Sulaiman

Akwai wani dattijo a unguwar Lamordé ta birnin Yamai, ana kiransa Malam Sulaiman. Ɗan Damagaram ne, tsohon ma'aikacin gwamnati. Tun da matarsa ta rasu ya daina hira, ga idanunsa sun yi rauni. Yana zaune gidan ƴarsa Safiatou, amma in ba gaisuwa ba, da wuya a ji muryarsa.

Safiatou tana da ɗiya, Hafsa, wadda ke ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, tana shirin jarrabawar ƙarshe da ake kira bak. Wata rana Hafsa ta dawo ta jefar da wani ƙaton littafin faransanci a kan tabarma.

"Inna, wannan ne za a tambaye mu a bak, kuma na kasa. Mutum guda sai ya cinye shafi bayan shafi yana kallon gona. Ba abin da ke faruwa."

Safiatou ta gane littafin. Ita ma ta sha wahalarsa a ƙuruciya. Ba ta yi faɗa ba.

"Ki riƙa karanta wa kakanki bayan la'asar. Ko ba ki ji daɗi ba, shi zai samu abokin zama."

Kwanakin farko Hafsa na karatu tana hamma, tsohon yana saurare. Ita saurayin labarin kaɗai ta damu da shi, wanda ya gudu birni saboda wata yarinya. Duk inda aka koma kan mahaifinsa da aka bari a ƙauye, sai ta yi sauri.

Ran nan ta kai inda mahaifin, bayan mutuwar matarsa, ya zuba shayi kofi biyu, sannan ya tuna ba ta nan. Za ta wuce, sai Malam Sulaiman ya ɗaga hannu.

"Amarya, maimaita wurin nan."

Ta maimaita a hankali.

"Wanda ya rubuta wannan ya taɓa rashi," in ji shi. "Har yau in na ji wani labari a rediyo, sai in juya in gaya wa kakarki."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba ta labarin ranar da suka iso Yamai da akwati guda, da yadda marigayiyar ke tsoron hawa gadar kogi. Safiatou ta bar tukunya ta zo ta zauna. Ita kuma wurin da uwar saurayin ke ɗaura masa guzuri ne ya sa ta share ido da gefen mayafi, don ta san Hafsa ma ta kusa tafiya karatu.

Haka suka ƙare littafin su uku, kowa na kare nasa. Hafsa ta ce saurayin na da gaskiya, Safiatou ta ce bai da tausayi, tsohon yana ta yi musu dariya.

Da sakamako ya fito, Hafsa ta ci bak. Ta durƙusa gaban kakanta.

"Kaka, na ci. Amma gaskiya har yanzu rabin littafin nan bai yi mini daɗi ba."

"Wannan rabin nawa ne," ya ce. "Zan ajiye miki. In Allah ya ba ki tsawon rai, za ki zo ki karɓa."

Darasi: Littafin da ya gagare ka yau, kada ka raina shi, kada kuma ka raina kanka. Wani shafin sai shekaru sun kai ka wurinsa. Ku yi haƙuri da yaranku, ku zauna da tsofaffinku. Ku tura wa wanda ya taɓa ajiye littafi a rabi.