Kunun Ikilima

Akwai wani dillalin shanu a kara, kasuwar shanu ta Wudil, sunansa Garzali, mazaunin Utai. Mutum ne mai taƙama da kaifin ƙwaƙwalwa. Yakan ce shi kallo ɗaya yake wa abu ya gano tushensa.

Wata damina amai da gudawa suka ɓarke a unguwarsu. Yau a kwantar da wannan, gobe a fita da wancan asibiti. Unguwa ta yi tsit, ko yara ba a bari su fita wasa.

Garzali ya bi gidajen marasa lafiya yana tambaya, ya tarar yawancinsu sun sha kunun Ikilima, wata bazawara da ke sayar da kunun zaƙi a bakin hanya. Bayan sallar La'asar ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci, ya ce magana ta fito fili: wanda ya kwanta ya sha kununta, don haka ita ke zuba wani abu.

Kawunsa Malam Halliru ya ce, "Garzali, ni ma kullum ina sha, ga ni tsaye. Jaririn gidan Isyaku kuma nono kawai yake sha, ga shi a kwance. Wannan fa?"

"Kawu, ka bar mana wannan," in ji Garzali. Tsoro ya riga ya cika zukata, ba wanda ya saurari tsohon.

Aka je aka farfasa mata tukwane. Ikilima ta ɗaure kayanta, ta koma wurin yayanta a Lajawa. Mutane suka saki jiki, wai an rabu da masifa.

Cutar ba ta tsaya ba. Ana cikin haka ta kama Mas'uda, 'yar autar Garzali, wadda ya daɗe da hana ta shan kunun waje. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Da ma'aikatan lafiya suka zo, suka gano ruwan sama ya fasa wani tsohon masai, ƙazanta tana tsiyaya cikin rijiyar unguwa. Daga nan kowa ke sha.

Bayan an share makoki Garzali ya tafi Lajawa, ya durƙusa a zaure yana neman gafara. Ikilima ta yi masa ta'aziyya daga bayan ƙofa, sannan ta ce, "Na yafe maka, Malam. Amma da ka tambaye ni inda nake ɗibar ruwa, da tun ranar na faɗa maka rijiyar nan ce da kowa ke sha."

Darasi: Don abu biyu sun zo tare, ba shi ke nuna ɗaya ne ya haifar da ɗayan ba. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, saurari hujjar da ta saɓa wa zatonka. Ku tura wa 'yan'uwa, ko Allah zai sa wani ya tsira daga zalunci.