Motar da Ba Ta Ƙin Tashi Sai da Safe

Akwai wani direba da ke da ƙaramar bas, yana kai yara makaranta yana ɗauko su. Shekara tara yana wannan aiki bai taɓa makara ba, har iyaye da yaran suka raɗa masa suna Baban Yara.

Gidansa a lungu yake, mota ba ta shiga. Don haka a filin gidan amininsa Dogo yake kwanar da bas ɗin. Tare suka taso. Shi ya koya wa Dogo tuƙi, shi ya raka shi ya sayi tasa bas ɗin, har makulli na biyu na motarsa Baban Yara ya bar wa Dogo saboda tsaro.

Kwatsam sai mota ta fara rashin mutunci. Yau ta tashi lafiya lau, gobe ya murza makulli, injin ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa. Waya ta yi ta ƙara, iyaye suna faɗa, yara na tsaye a ƙofar gida da jakunkuna.

Duk ranar da haka ta faru, Dogo zai fito yana gyara hula.

"Kada ka damu, ɗan'uwa. Ba ni sunayen gidajen, ni zan kai su. Mene ne amfanin zumunci?"

In ya dawo kuma, sai ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ɗan taɓa nan da can, mota ta tashi. Baban Yara ya yi ta sa masa albarka.

An canza batir. An canza fulogi. An kwance kik ɗin da ke tada injin an wanke. Duk a banza. Cikin wata biyu gidaje bakwai suka janye yaransu suka koma wajen Dogo. Shi kuwa Dogo har rantsuwa yake yi cewa ba da son ransa ba.

Ran nan Baban Yara ya kai motar wajen wani tsohon mai gyaran wayoyin wutar mota, wanda kowa ke kira Baba. Baba ya murza makulli sau biyar, ta tashi sau biyar. Sai ya jawo benci ya zauna.

"Ɗana, ta taɓa ƙin tashi da rana, in ta yi zafi?"

"A'a, Baba."

"A bakin makaranta fa? Ko ranar da ba karatu?"

Baban Yara ya yi tunani. "Ko sau ɗaya."

"Ikon Allah! Mota mai sanin ranakun makaranta. In ta ƙi, ka kan ji 'yar ƙarar famfon mai lokacin da ka murza makulli?"

"Yanzu da ka faɗa, ba na ji."

Baba ya durƙusa ya buɗe akwatin fis da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk fis ɗin sun yi ƙura, ban da guda ɗaya. Ya zaro shi ya ɗaga a haske.

"Wannan ke ba famfon mai wuta. Lafiyarsa ƙalau, bai ƙone ba. Amma dubi ƙafafunsa yadda suka goge. Hannu ke zare shi yana mayarwa. Wa ke tada maka ita in ta ƙi?"

Ran Baban Yara ya ɓaci. "Baba, ka iya bakinka! Mutumin nan ɗan'uwana ne."

"Ni ban kira sunan kowa ba," in ji Baba. "Mota ba ta ƙarya, shi ke nan abin da na sani."

Kwana uku maganar tana cin sa. A rana ta huɗu ya yi sammako fiye da kullum, gari ya ɗan yi haske ke nan. Yana shiga filin ya ga ƙofar direba a buɗe, ƙafafun mutum a waje, kansa a ƙarƙashin sitiyari.

"Dogo."

Dogo ya zabura har kansa ya bugi sitiyari. Fis ɗin yana tsakanin yatsunsa.

"Wallahi dubawa nake..."

"Da ka ce min yara kake so, da na raba gidajen nan kashi biyu na ba ka ɗaya da hannuna," in ji Baban Yara. "Kullum ka kwashe su, ni kuma ina tsaye ina maka addu'a. Addu'ar nan ita ta fi yi min ciwo."

Ya miƙa hannu. Dogo ya ajiye masa fis da makulli, kansa a ƙasa.

Baban Yara bai kai ƙara ba, bai kuma gaya wa iyayen yara ba. Amma matar Dogo tana tsaye a bakin ƙofa da bokiti, ta ji komai. Ita ta bi gidajen bakwai da ƙafarta ta faɗi gaskiya, ta ce ba za ta ciyar da 'ya'yanta da cin amana ba. Kafin mako ya zagayo duk yaran sun dawo.

Dogo ya aiko dattawa ban haƙuri har sau biyu. Baban Yara ya ce ya yafe. Suna gaisawa in sun haɗu, amma ƙafarsa ba ta ƙara taka filin nan ba.

Darasi: In matsala ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ka natsu ka duba yaushe take zuwa da wanda ke cin riba in ta zo. Kai kuma da aka ba amana, ka sani abin da za ka samu da ha'inci bai kai abin da za ka rasa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya farga.