Saura Kwana Tara

Akwai wani kafinta da ake wa laƙabi da Yanzu-Yanzu, don bai taɓa jiran fenti ya bushe ba, balle shayi ya huce. Amma Allah Ya ba shi baiwa. Kantar aiki ta kashe masa ji a sauran yatsu, sai na tsakiya kaɗai, kuma da kan wannan yatsan yake shafa katako ya gano kaushin da ido bai gani ba.

Wata safiya yana haɗa gadon jaririn da 'yarsa za ta haifa, sai ya cire murfin injin kankare katako, wai yana ɓata masa lokaci. Kafin ya ankara injin ya yashe naman kan yatsan, har ƙashi ya leƙo.

A asibiti likita ya ce, "Baba, farce na nan, ƙashi lafiya. Zan ɗaga fata a tafin hannunka, in lanƙwasa yatsan in ɗinke shi a wurin. Kwana ashirin da ɗaya naman zai kama, sai mu raba su. Ji zai dawo a hankali."

"Ashirin da ɗaya? Likita, ko gam ɗin katako kwana guda yake yi!"

"Shi ya sa mu ba da gam muke aiki ba."

Ya daure kwana goma sha biyu, yana zagaya gadon nan mai ƙafa uku yana tsaki. Da matarsa ta ga ya fara taɓa guduma, ta ce, "Malam, 'yarka wata tara take jira ba ta ce uffan ba. Kai kwana tara ne zai gagare ka?"

"Dubawa kawai nake yi."

Tana fita kasuwa ya kwance bandeji, ya jawo katako. Ai tallafewa kawai zan yi, in ji shi a ransa. Katakon ya suɓuce, hannun da ya saba cafka ya buɗe da kansa. Da kunnensa ya ji zaren ya tsinke.

Kunya ta sa ya mayar da bandejin ya yi gum. Sai bayan kwana uku, da wari ya tona shi, matar ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Naman ya yi baƙi ƙirin. Likita bai yi faɗa ba, ya dai nuna gaɓar farko ya ce, "Daga nan za mu yanke."

Jikar ta yi wata biyu a duniya kafin a gama gadon. Ya bi gefensa da dungun yatsan, ya sake bi. Bai ji komai ba. Sai ya kira matarsa a hankali.

"Zo ki shafa mini nan. Yarinya ce za ta kwanta."

Ta shafa. Daidai inda kan jaririya zai kasance ta zaro sartse, ta damƙe shi a hannunta, ba ta nuna masa ba.

'Yan uwana, Allah Ya sa wa komai lokacinsa, har naman jikinmu. Idan likita ya ƙidaya maka kwanaki, ka cika su, in kuma ka yi kuskure, kada kunya ta hana ka komawa da wuri. Kwana tara kafintan nan ya kasa jira, ya rasa abin da ba zai dawo ba har ƙarshen rayuwarsa. Allah Ya ba mu haƙuri.