Ragon da Ya Gaji da Kama da Dutse

An yi wani rago mai suna Barmo a can ƙasar manyan tsaunuka, inda ƙanƙara ba ta narkewa ko da rani. Shi ɗan garken shuɗɗan tumaki ne, masu gashi toka-toka da ɗan shuɗi, daidai launin duwatsun wurin. Barmo yana da ƙahoni masu kyau, kuma ya san da haka.

Maƙwabcinsu wani ƙaton kurege ne mai tsokana, wanda yake yini a bakin raminsa yana gadi. A cikin kwazazzabai kuwa akwai Damisa, mai doguwar wutsiya da son naman rago.

Tumakin suna da al'ada guda. Idan Kurege ya hango Damisa ya yi fito, ba mai gudu. Kowa sai ya ƙame inda yake, Damisa ta duba ta ga duwatsu kawai, ta wuce.

Wata safiya Barmo yana tsaye yana shan hantsi, sai wani tsuntsu ya sauka a kansa, ya goge baki a jikin ƙahonsa, ya tashi.

Kurege ya faɗi ƙasa don dariya. "Maƙwabci, ya zaci dutse ne! Gobe sai ya yi maka sheƙa a kunne."

"Rufe min baki, mai tumbi!" in ji Barmo. "Ni da waɗannan ƙahoni a ce ba a ganina? Yau za a daina wannan raini."

Ya gangara wani kwari mai jar ƙasa, ya yi ta birgima har ya koma ja wur. Sannan ya hawo yana taku ɗai-ɗai.

Gwaggo, tsohuwar tunkiyar da ke jagorantar garken, ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, je ka wanke jikinka. Tun kakanni da wannan toka muke rayuwa."

"Shi ya sa ba wanda ya san kakannin, Gwaggo."

Gwaggo ta juya. Ta ja garken suka matsa nesa da shi. Barmo ya ga an bar masa fili, ya ce a ransa, "Yauwa, sun fara girmama ni."

Ba a daɗe ba Kurege ya yi fito mai ƙarfi. Tumaki suka ƙame. Barmo ma ya ƙame, kamar yadda ya saba.

Damisa ta leƙo daga bayan dutse, ta yi hamma. "Ikon Allah! Yau dutse ja ne, har da ƙaho?"

"Gudu, sakarai!" in ji Kurege, ya faɗa rami.

Barmo ya zura da gudu. Ya hau nan, ya dira can, amma duk inda ya ɓuya ana hango shi kamar garwashi a cikin toka. Ya ji numfashin Damisa a bayansa. Garin tsallake wani rafi santsi ya kwashe shi, ya faɗa ruwa tsundum, bakin ƙahonsa na hagu ya bugi dutse ya karye.

Ruwan nan narkakkiyar ƙanƙara ce. Ya tafi da shi ƙasa yana juya shi, ya wanke jar ƙasar tas, ya jefar da shi tsakanin duwatsun gaɓa. Barmo ya dunƙule, ya ƙame.

Damisa ta iso tana haki. Ta duba gabas, ta duba yamma. Da gajiya ta kama ta, sai ta zauna, ta ɗora wutsiyarta a kan wani dutse mai laushi. Dutsen nan Barmo ne. Gashin wutsiyar yana sosa masa hanci, atishawa tana taso masa, yana danne ta.

"Kai, Kurege!" ta daka tsawa. "Ina jan ragon nan?"

Kurege ya leƙo daga nesa. "Ranki ya daɗe, ja fa kika ce? Ni tunda nake ban taɓa maƙwabtaka da jan rago ba."

Damisa ta yi tsaki, ta tashi ta tafi. Sai da ta ɓace Barmo ya saki atishawar, har tsauni ya amsa.

Da yamma ya koma garke yana rawar sanyi, ƙaho ɗaya guntu. Ya tsaya a gaban Gwaggo, kansa a ƙasa.

"Gwaggo, na dawo."

Tsohuwa ta waiga hagu, ta waiga dama. "Wa ke magana? Ni ban ga kowa ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Barmo, ya kutsa tsakiyar garke inda ya fi ɗumi.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka raina abin da aka halicce ka da shi don kawai ba ya ɗaukar ido. Sau da yawa shi ne yake tsare ka. Kuma mai neman kowa ya gan shi ya tuna cewa ba duk mai kallo ne masoyi ba.